Motar da Ba Ta Tashi



Ranar Talata, ina dawowa daga Bunguɗu, na tarar da yara sun kewaye wata mota a bakin titi a nan Gusau. Tsohuwar Chevrolet Impala ce, ƙirar Amurka, doguwa mai faɗi. A 1958 aka fara ƙera irinta, kuma irin waɗannan motoci ne manya suke hawa kafin a soma harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Fentinta yana ƙyalli, wani saurayi yana goge ta.

Na ce masa, "Sannu da aiki, ɗana. Tana tafiya kuwa?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, marigayi Baba kullum da safe sai ya tayar da ita. Tun da ya rasu ba wanda ya murɗa makulli. Batir ya mutu, inji ya cije. Wankewa kawai muke yi."

Maganar nan ta bi ni har gida, domin mu ma muna da gādon da ya iso mu ta hannun mutanen Amurka. A 1953 aka danƙa aikin bishara na yankin Sakkwato ga limaman Dominikan daga Shikago, suka kafa mazauninsu a Gusau. A 1956 sistoci daga Kansas suka biyo bayansu, a 1964 kuma Edward Lawton ya zama Bishop na farko na Sakkwato. Iyayenmu suka karɓi bangaskiya, suna tayar da ita kowace safiya da addu'a. Mu fa? Ko wankewa kawai muke yi?

Ranar Lahadi muna cika coci da sababbin tufafi, amma a gidaje da yawa addu'ar safe ta mutu, yara ba su san katekisim ba. Akwai iyalan da aka sace musu mutum a hanyar Tsafe, suna zaune cikin baƙin ciki, ba mu taka ƙafa mun gaishe su ba. Kowa ya koma ya karanta sura ta 2 ta Wasiƙar Yaƙub, ya ga hukuncin bangaskiyar da ba ta motsi.

Kowane bakanike zai gaya maka cewa batir ba ya cika sai inji yana aiki. Haka zuciyar mai bi take. Ajiya ce ke kashe ta.

Saboda haka a wannan mako kowane magidanci ya tara iyalinsa su yi addu'a kafin a fita. Zumuntar Mata Katolika da matasa su ziyarci gida ɗaya da ke cikin makoki, su kai ko da kwanon masara ne. Uwargidanmu ta Fatima ta yi roƙo dominmu. Amin.