Loyis ta Gidanmu

Ku buɗe wasiƙa ta biyu ta Bulus zuwa ga Timoti, sura 1 aya 5. Can manzon ya tuna da bangaskiyar Timoti, amma sai da ya haɗa da sunayen mata biyu, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ba a rubuta mana wa'azin Loyis ko guda ba. Jikanta shi ne wa'azinta.

Mu ma a gidanmu na Palladan, tsakanin Sabon Gari da Samaru, mun yi tamu Loyis. Ƙanwar kakanmu ce. Goggo mahaifinmu ya ke ce mata, mu kuma muka ɗauka a bakinsa. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuwa ya rasu tun ba a haife mu ba. Ta kan kira kowane yaro namiji angonta, ta yi masa ba'a wai bai kawo cefane ba, kāna ta kwance bakin zane ta ba shi ƙuli-ƙuli.

Iyayenta Isawa ne, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano sabada girmama Annabi Isa. A 1913 waɗansunsu suka sadu da Likita Mila na Zariya, suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya shiga garin, ya kwashe mutane da yawa. A 1929 mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa, can Goggo ta yi girma. Tana yarinya aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, a 1932.

Sa'anda muka san ta idanunta sun riga sun dushe. Bayan tuwon dare ta kan sa ɗayanmu ya zauna kusa da fitila ya karanta mata Zabura. In yaro ya tsallake aya domin ya ji ana wasa a waje, sai ta ɗaga sanda ta ce, "Angona, koma baya, ka bar wani abu a hanya." Ta haddace, ba a cutarta. Muna tsammani mu ke yi mata taimako, ashe makaranta ta sa mu. Mun je makarantar Littafi Mai Tsarki daga baya, mun gode wa malamanmu ƙwarai, amma a ɗakin nan muka fara jin ana magana da Allah kamar yana zaune a bakin tabarma.

Yanzu fa, 'yan'uwa, ina irin waɗannan tsofaffi a cikinmu? Suna nan a ɗakunan haya, ƙafa ta hana su zuwa sujada, kuma da shi ke ba su da ɗa mai kawo baiko, ba mai tambayarsu. Muna da littafin kuɗin gini, har da kwamiti. Littafin gwauraye fa? Ikkilisiyar farko tana da shi, ku duba 1 Timoti sura 5. Mutum bakwai ɗin nan na Ayyukan Manzanni sura 6 ma, sabada abincin gwauraye aka zaɓe su, Istifanus yana cikinsu.

Shekarunta biyu na ƙarshe Goggo ba ta iya tashi ba. Mata uku na Zumunta su ne suka riƙa yi mata wanka bi da bi, maƙwabciyarta Musulma kuwa tana aiko da kunu kowace safiya.