Likita Ya Duba Bakinka, Sai Kuma Me?

In kana shan taba, ko kana cusa ta gari a ƙarƙashin leɓe, ko akwai mai yin haka a gidanka, ka zauna mu yi magana. Na san a cikinmu abin a ɓoye ake yinsa, bayan gida ko a hanyar gona, sai a biyo da alewa mai yaji kafin a shigo sujada. Ban zo in tona maka asiri ba. Tambaya ɗaya ce take damuna: in mutum ya ga haɗari da idonsa, wannan ya isa ya sa shi ya daina?

A shekarar 1996 aka fara wani bincike a jihar Kerala ta ƙasar Indiya. An horar da ma'aikatan lafiya suka riƙa bi gida gida, ba su da wata na'ura sai haske da ido. Su ce mutum ya buɗe baki, su duba harshe da ƙarƙashinsa da cikin kumatu, suna neman farin tabo ko ja, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Da aka fitar da sakamako a 2005, sai aka ga mutuwa daga ciwon daji na baki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba ko giya. Dubawar 'yan mintoci ke nan. Saboda haka in kana da miki a baki da ya kai mako uku bai warke ba, ko da ba ya zafi, ka je asibiti. Za mu yi maka addu'a, amma ka je.

To amma ga inda magana ta yi nauyi. A wani bincike da aka wallafa a 1993, likitoci a ƙasar Kanada sun bi marasa lafiya 115 masu ciwon daji na kai da wuya, waɗanda ake yi musu gashi. An riga an faɗa musu sunan cutar, suna jin azabarta in za su haɗiye yawu. Duk da haka kusan rabinsu suka ci gaba da shan taba, kuma maganin bai yi musu aiki kamar yadda ya yi wa waɗanda suka daina ba.

Kada ka yi saurin cewa taurin kai ne. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma jiki yana sabawa da shi har ya riƙa nemansa kamar abinci. Mutumin da tsoro ya kama, abin da ya saba kwantar da hankalinsa da shi zai fara lalubawa. Wato labarin da ya kamata ya raba shi da taba shi ne yake tura hannunsa aljihu. Ni kam tausayi nake ji, ko da yake tausayin bai ɗauke masa alhakin ransa ba.

Masana biyu a Amurka, James Prochaska da Carlo DiClemente, sun yi nazarin masu ƙoƙarin barin taba a farkon shekarun 1980, suka ga mutane ba a wuri ɗaya suke ba. Akwai wanda bai ma fara tunanin dainawa ba, akwai mai tunani, akwai wanda ya riga ya ajiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai tunanin nan. Yana iya yin shekaru a wurin. Ya yarda taba tana cutar da shi, ba ya gardama da kai, kullum amsarsa ita ce bai shirya ba tukuna. Yana jiran shiri ya sauko masa kamar ruwan sama. Ka tuna da gwamna Filikus a Ayyukan Manzanni sura 24. Ya ji maganar Bulus a kan kamun kai har ya firgita, sai ya ɗaga zancen zuwa wani lokaci. Shekara biyu suka wuce, ba mu ji ya canja ba. Firgita ba ta daɗewa, ɗan'uwa. In ba ka yi aiki da ita tana da zafi ba, ta huce ta bar ka inda kake.

Akwai kuma jarabar wanda aka duba aka ce bakinsa lafiya. Ya fito yana godiya ga Allah, kafin ya kai bakin titi ya kunna kara ɗaya. Ya mai da jinƙai ya zama izini. Likita bai ce taba ta ƙyale ka ba, ya ce yau bai ga kome ba, kuma bakinka kaɗai ya duba, bai ga huhu da zuciya ba.

Ke kuma 'yar'uwa da mijinki ko ɗanki yake ciki, gori ba ya kai mutum ko'ina sai ƙara ɓuya. Ki raka shi asibiti, ki lura da ranar da jikinsa ya yi sanyi, a ranar ki tambaye shi yaushe zai ajiye.

Kai mai sha, ka sa rana a cikin makonni biyu masu zuwa, ka rubuta ta. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi a ikilisiya. Ka tambayi likita ko mai kantin magani a kan cingam ko filasta mai nikotin, gama suna rage wahalar. Kwana uku na farko su ne mafi tsanani, bayan 'yan makonni kuma abin yana sauƙi. In ka faɗi, yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. Ka kira mutumin nan naka a daren, ku sa wata rana.