Ƙwarya da Abin da ke Cikinta

Idan hunturu ya kama a ƙasar Kazaure, an gama girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai ka ga dattawa sun kewaye wuta da asuba suna jin ɗumi. A wannan lokaci ne dare ya ke fin rana tsawo. Ranar 21 ko 22 ga Disamba ita ce rana mafi gajarta a shekara. Mu nan ba mu cika lura ba, don bambancin gajeren yini da dogonsa a wurinmu bai kai awa biyu ba. Amma a arewacin ƙasar Turai, a birni kamar Sitokholm, hasken rana ba ya wuce wajen awa shida a wannan lokaci, ga sanyi mai kashe mutum.

Mutanen dā na waɗannan ƙasashe, tun ba su san addinin Almasihu ba, su kan yi babban biki idan suka ga rana ta daina ja da baya. Rumawa suna da bikin Saturnaliya, daga 17 zuwa 23 ga Disamba. A kan rufe ma'aikatu, a kunna kyandir, a yi wa juna kyauta, har ubangida ya zauna cin abinci tare da bayinsa. Mutanen arewa kuwa nasu bikin sunansa Yul, a kan yi yanka, a hura wuta, a ci a sha.

Da addinin Kirista ya bazu, sai aka sa bikin haihuwar Annabi Isa ranar 25 ga Disamba. Linjila ba ta faɗi ranar ba. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana yin bikin a wannan rana ya koma shekarar 336, a birnin Rum. Waɗansu masana sun ce an zaɓe ta ne don ta maye gurbin bikin rana, waɗansu kuwa sun ce lissafi aka yi na wata tara daga 25 ga Maris. Ko wanne ne gaskiya, kyandir da kyauta da ɗanyen ganye da walima sun shigo cikin sabon bikin, har yau kuwa mutanen Suwidin da Nowe da sunan Yul su ke kiran Kirsimeti.

Malaman Kirista kansu ba su haɗu a kan wannan ba. A shekarar 601 Paparoma Giregori ya aika wa masu wa'azi a Ingila cewa kada su rushe ɗakunan tsafi, su fid da gumaka kawai su mai da ɗakunan wurin ibada, shanun da a ke yanka wa gumaka kuma a yanka su don godiya ga Allah. Amma a shekarar 1647 majalisar Ingila ta hana bikin Kirsimeti ɗungum, ta ce babu shi a Littafi. Hanin bai daɗe ba, a 1660 aka koma yi.

To, mai karatu, kada ka ce wannan rigimar Turawa ce. Mu ma muna da irinta a gida. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ya ke zaune a kan dutsen Dala, mutane na taruwa a gindin dutsen da baƙin bunsuru da baƙar kaza don bautar Tsumburbura. Musulunci ya kafu a Kano zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Amma har yau, ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da mata na hawa Dala cikin ado suna murnar sunan Annabi. Dutsen bai sake ba, hawan bai sake ba, amma wanda a ke girmamawa ya sake.

Ga wani labarin kuma da ya juya wannan. Sarakunan Haɓe na Kano suna da wani abu wai shi Dirki, an naɗe shi da fatu, ana yanka masa shanu don neman tsari. Da Sarki Alwali, na ƙarshensu, ya sa aka sassare shi, sai aka tarad da Alƙur'ani ne a ciki. Dubi wannan abin mamaki! Asalinsa mai tsarki ne, amma mutane suka mai da shi gunki. Irin wannan gauraye ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta wa'azi a kansa kafin jihadin 1804.

Idan ka aza labarun nan biyu kusa da juna, za ka ga asalin abu kaɗai ba ya isa a yanke masa hukunci. Al'ada kamar ƙwarya ce. Ƙwaryar da aka taɓa zuba giya a ciki, in an wanke ta sarai, ana dama fura a cikinta. Sabuwar ƙwarya kuwa, in an zuba mata dafi, sabuntarta ba ta ceton mai sha.

A ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura akwai gidajen da kakanninsu Maguzawa ne. Waɗansu sun musulunta, waɗansu sun bi addinin Kirista. Kakan ya kan zub da jinin kaza don iskoki kafin ya taɓa sabon hatsi. Jikansa Musulmi ya kan fid da zakka, dami ɗaya cikin goma. Jikansa Kirista ya kan kai nasa majami'a ranar godiya. Abin da kakan ya sani, watau bai kamata mutum ya cinye amfanin gona shi kaɗai ba tare da godiya ba, gaskiya ne, jikokin kuma sun riƙe shi. Wanda a ke gode wa ne suka sāke. Gayya da dambe da kokawa bayan kaka, da sarautar Sarkin Noma, duk sun girmi zuwan littafi, amma wa zai ce taimakon maƙwabci a gona kafirci ne?

Wani zai ce, ai ƙwaryar da ta daɗe da giya ba ta rasa wari. Wannan magana tana da nauyi, kada a raina ta. Akwai al'adun da ba su wankuwa, don tsafin shi ne jikinsu. Yanka ga tsamiya ko kuka, in ka cire iskar da a ke yi wa, ba abin da ya rage. Akwai kuma waɗanda ke cutar mutane ko da wane suna aka sa musu, kamar manomi ya karyar da rumbunsa don bikin alfahari, damina ta zo yaransa na kwana da yunwa.

Sabo da haka, kafin ka yabi wata al'ada ko ka zage ta, yi mata tambaya uku. Wa a ke nufi da ita yau? Wa ta ke cuta? Me ta ke haifarwa tsakanin mutane, zumunci ko gaba? In ta tsallake waɗannan, tsufanta ba laifi ba ne. In ta faɗi, to, ko jiya aka ƙago ta, a bar ta.

Kai da ka koyi karatu da girmanka, ka sami abin da mahaifinka bai samu ba. Kada wannan ya sa ka kira shi arne don ka gano tushen wata al'adarsa, kada kuma ka yi wa maƙwabcinka gori da kakanninsa, don naka ma daga can suka fito. Zauna da tsofaffi a bakin wuta wannan hunturu, ka tambaye su dalilin kowane abu, sa'an nan ka auna da iliminka.