Sutura ta mutum ce, ko har da kayansa?

A birnin Duwala, tsakanin unguwar Hausawa ta New Bell da yankin masana'antu na Bassa tafiyar babur ce, idan cunkoson Ndokoti bai riƙe mutum ba. A Bassa, filin da hukumar MAGZI take kula da shi tun bayan da gwamnatin Kamaru ta kafa ta a 1971, ana narka ƙarfe a Prometal, ana haɗa cakulan a Chococam, CICAM kuma ta daɗe tana buga atamfa irin wadda ake ciniki a kasuwar Congo. Kusa da nan, a Ndogbong, akwai IUT ta Jami'ar Duwala, inda ake koyar da lantarki da rubuta manhaja. Cikin masu zama a azuzuwan akwai jikokin fatake, waɗanda kakanninsu suka sauka a New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka wajen 1914 don su nisantar da baƙar fata daga tudun Joss. Yaro irin wannan yakan ji malam yana fassara Risala a zaure bayan asuba, da hantsi kuma ya zauna gaban kwamfuta. Karatun nan biyu suna haɗuwa a kan kalma ɗaya da kowannensu ya damu da ita, wato aibi.

A zaure an koya masa cewa wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri Allah zai rufa masa nasa, kuma bin diddigin laifin mutane haramun ne. A aji kuma an ba shi manhajar da ba ta da wani aiki sai bin diddigi da tonon asiri. Sunanta GDB. Richard Stallman ne ya rubuta ta a 1986, cikin aikin GNU da ya sanar a 1983, kuma har yau tana cikin kayan aikin da masu rubutu da harshen C ba sa rabuwa da su. Kowa yana iya saukar da ita, ya karanta yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba wa wani.

Ga yadda aikin yake. Ɗalibi ya rubuta 'yar manhaja da za ta karanta nauyin buhuna daga fayil ta fitar da jimla. Ya kunna ta, ta mutu nan take, allo ya ce masa "Erreur de segmentation" kawai, ba ƙarin bayani. Sai ya sake haɗa ta da gcc, wannan karon da alamar -g, wadda take sa a ajiye sunayen komai da lambar kowane layi a jikin manhajar. Ya shigar da ita cikin GDB, ya rubuta run. Ta sake faɗuwa, amma yanzu a gaban shaida. Ya rubuta bt, sai ga silsilar kira ta jeru: wane sashe ya kira wane, har zuwa layin da numfashi ya tsaya. Ya nemi ganin abin da ke cikin ma'ajin da ake zargi da print, aka nuna masa 0x0. Babu komai ke nan. Fayil ɗin bai buɗu ba tun farko, shi kuwa bai sa an duba ba, ya ci gaba da ɗiba daga inda babu abin ɗiba. Da break yana iya tsayar da manhajar a duk layin da ya ga dama, da watch ya sa mai gadi a kan ƙima guda a sanar da shi duk wanda ya taɓa ta. Tun fitowar GDB 7.0 a 2009 ma ana iya sa manhaja ta yi tafiya da baya, taki-taki, har a isa inda ɓarnar ta soma.

Wannan wahala tsohuwa ce. Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci gina kwamfutar EDSAC a Cambridge, ya ba da labarin cewa a 1949 ya fahimci babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran da ya zuba a manhajojinsa da hannunsa.

Ita ma GDB tana da ranakun da take ƙin ba da haɗin kai, kuma a nan maganar take yin daɗi. Wani lokaci mutum ya rubuta bt, maimakon sunaye sai ya ga alamomin tambaya bibbiyu a jere, domin an kankare sunayen daga manhajar kafin a raba ta. Wani lokaci ya nemi ƙima, a ce masa an share ta wajen ƙara wa manhajar sauri, sai ya koma ya haɗa da -O0 ko -Og. A Ubuntu, idan ya yi ƙoƙarin kama manhajar da ta riga ta fara gudu, tsarin tsaro yakan hana shi sai ya nuna shi ne mai gidan. Duk waɗannan suna da magani matuƙar rubutun asali na manhajar yana hannunsa. Idan ba ya hannunsa, kamar yadda yake ga akasarin manhajojin da kamfanoni ke sayarwa a rufe, abin da zai gani lambobi ne tsirara na harshen inji, kuma sau da yawa takardar lasisi ta ma hana shi leƙawa.

Duk ɗalibin zaure ya san labarin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, aka kuma yi masa kashedi mai tsanani a kan algus. Abin lura a labarin shi ne hannun da aka cusa. Ba a ɗauke shi bin diddigin da aka hana ba. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya lissafa ɓoye aibin kaya cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki a Risalarsa, kuma fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa. Dokar farar hula da ɓangaren Kamaru mai Faransanci ya gada ita ma tana da irin wannan lamuni a sashe na 1641. GDB hannu ce da ake cusawa cikin tsibi, manhajar da aka rufe kuwa tsibi ne da aka ɗinke bakin buhunsa aka ce a saya a haka.

Kada a ce zargi ne kawai. A Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa Volkswagen ta sa wa motocinta na dizal manhajar da take gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, ta gyara halinta, da an koma kan titi kuma ta saki gubar. Kamfanin da kansa ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Masu binciken Jami'ar West Virginia da suka fara gano bambancin sai da suka ɗaura na'urar awo a mota suka bi hanya da ita, ba tare da sun karanta abin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin ba.

Amma akwai abin da zai sa malamin fiƙihu ya ɗaga gira game da ita kanta GDB. Duk lokacin da aka kunna ta, kafin komai, takan sanar cewa babu wani lamuni a kanta gwargwadon abin da doka ta yarda. Wannan ya yi kama da abin da malamai suke kira cinikin bara'a, inda mai sayarwa yake cewa ba ruwansa da duk aibin da aka gani daga baya. Hanafawa sun buɗe ƙofar sosai. Malikawa sun ƙuntata ta, suka kuma kafa sharaɗin cewa mai sayarwa bai san da aibin ba. A Muwaɗɗa akwai shari'ar da aka kai Abdullahi ɗan Umar gaban Halifa Usman a kan irin wannan ciniki na dirhami 800. Usman ya ce ya rantse bai san da aibin ba lokacin da ya sayar, shi kuma ya gwammace ya karɓi abinsa da ya yi rantsuwa. Ma'aunin dai shi ne sani da ɓoyewa. Ta wannan fuska masu GDB sun fita: kundin kurakuranta a buɗe yake a intanet, kowa yana iya karanta abin da aka sani bai gyaru ba tukuna. Su kuma kamfanonin da ke sayar da manhaja a rufe, mafi yawansu suna rubuta irin wannan bara'ar a lasisinsu, sun karɓi kuɗi, kundin kuma yana aljihunsu.

Zuwa nan hukuncin kamar mai sauƙi ne: a tona aibin kaya, a rufa asirin mutum. Matsalar ita ce a manhaja kayan da mutumin a ɗinke suke. Akwai umarni a Git, wurin ajiyar tarihin rubutu da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wanda yake nuna sunan wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta. Da GDB ta nuna layi, wannan umarnin zai nuna mai layin.

Haka ta faru a Afrilun 2014, lokacin da aka bayyana ramin da aka laƙaba wa Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shiga shafuka masu ɗimbin yawa. Kuskuren ƙarami ne, an manta a duba tsawon saƙo kafin a amsa shi, kuma ya shiga ne a daren ƙarshe na 2011. Ya fi shekara biyu a fili, a rubutun da kowa yake iya karantawa, ba wanda ya gani, abin da ya rage wa masu cewa yawan idanu yana kashe kuskure ƙarfin baki. Cikin 'yan kwanaki jaridun duniya suka buga sunan Bajamushen da ya rubuta layin. Me buga sunan ya ƙara? Ramin an riga an toshe shi. Mutumin aikin sa kai ya yi, wani ya duba aikin bai lura ba, gudummawar kuɗin da OpenSSL take samu a lokacin kuma wajen dala 2,000 ce kawai a shekara. Ibn Rajab, wanda ya rasu a 1393, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bambancin nasiha da gori, kuma wannan gori ne. Shi ya sa babu sunan mutumin a wannan shafi.

Masu harkar tsaron manhaja sun isa kusa da matsayar malamai ta tasu hanyar. Ƙungiyar Project Zero da Google ta kafa a 2014 takan sanar da mai manhaja a asirce, ta ba shi kwana 90 ya gyara, sannan ta fito da maganar fili ko ya gyara ko bai gyara ba. Nasiha a keɓe tukuna, gargaɗin jama'a daga baya. Ana iya jayayya a kan adadin kwanakin, amma jerin daidai yake.

Sai kuma inda sutura take faɗuwa gaba ɗaya. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, Valgrind kuma, wata 'yar'uwar GDB, tana ta ƙorafi. Ya bi sawu har ya tarar da ƙofar baya da aka dasa da gangan a xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux yake ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana aika gyare-gyare na gari har aka amince masa aka ba shi mabuɗi. A nan ambaton suna wajibi ne, aka kuma koma aka binciki duk abin da ya taɓa taɓawa. Malaman hadisi irin su Yahaya ɗan Ma'in sun yi wannan aikin tun ƙarni na 9, suna cewa wane maƙaryaci ne, wane mai yawan mantuwa ne, kuma ba su taɓa haɗa biyun a kwando ɗaya ba. Imam Nawawi ya sa irin wannan gargaɗi cikin wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta. GDB ba ta iya wannan rarrabewar. Layin mai mantuwa da layin maha'inci iri ɗaya suke fitowa a allonta, sai mutum ya zauna ya duba tarihi da niyya.

A masana'antun Bassa tambayar takan zo da kayan aiki a jikinta. Injinan cika kwalba da na naɗe kaya ana shigo da su ne ta tashar jirgin ruwan Duwala, kowanne da ƙwaƙwalwarsa, kuma ba baƙon abu ba ne a tarar an kulle shirin da ke ciki da kalmar sirri. Idan inji ya fara tsayawa ba dalili, ma'aikacin da ya koyi bin sawun kuskure a Ndogbong yana iya zargin inda matsalar take, amma a hukumance sai dai a jira wakilin kamfanin da ya sayar, aiki yana tsaye, masu aikin yini suna zaune a bakin ƙofa. Idan ya san hanyar buɗe kullen fa? Sharaɗin da aka sa hannu a kai ya hana, Musulmi kuwa an umarce shi da cika sharaɗi. Mai sayen kuma yana da haƙƙin sanin aibin abin da ya biya kuɗinsa. Mai wannan rubutu yana ganin wuƙar tana hannun mai masana'anta tun ranar ciniki: ya sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a miƙa masa shirin injin da kalmar sirrinsa tare da injin, ko da farashin zai ɗan hau. Ɗan kasuwar Congo ba ya karɓar dilar atamfa sai an yanke igiya ya ga turmi na tsakiya, kuma da wuya a sami dillalin da zai ce masa wannan rashin yarda ne.