Ɗan'uwanka Mai Taɓin Hankali

Ya kai mai bi, idan ɗan'uwanka ya soma jin muryoyin da ba mai jinsu sai shi, ko kuwa ya dage ana neman ransa, kada ka ce la'ana ce, kada ka sa shi a turu. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Yakan kama mai jego, da mashayin wiwi, har da wanda bai taɓa kome ba. Tun 1952 aka sami magani mai kwantar da shi a Faransa. Ka kai shi wurin likita da wuri, gama jinkiri yakan tsananta ciwon. Sauƙi yakan ɗauki makonni. Kada ya bar magani sai likita ya yarda. Ka yi masa addu'a, ku ci ƙwarya ɗaya. Ka tuna da Basamariyen nan: bai tsaya ga tausayi kaɗai ba, ya ɗauki majiyyaci, ya biya kuɗin jinya. Ka bi sawunsa.