Ina Amfanin Mayafi ga Mai Baƙin Ciki?

Akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a raina. Ga ta ƙarama a baki, amma in mutum ya zauna zai amsa ta sai ya ga ta fi ƙarfin hira ɗaya. Tambayar ita ce: idan mace ta share mako biyar tana saƙa mayafi don ta kai wa wadda ke cikin baƙin ciki, alhali kuwa ga irinsa nan jibge a kasuwa da araha, shin hikima ta yi ko ɓata lokaci?

Abin da ya jawo mini wannan tunani ya faru tun ina yaro. Wata shekara, ana shiga hunturu, Allah ya yi wa wani maƙwabcinmu rasuwa, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya ƙanana. Aka yi abin da aka saba. Ran farko gida ya cika maƙil, ran sadakar uku ma haka, ran bakwai jama'a ta ragu, kafin arba'in kuwa ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma kan sha'aninsa. Ba laifin kowa ba ne, haka duniya ta ke. Matar ta ci gaba da takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ga dare da tsawo, ga iska mai ratsa ƙashi.

Gwaggona, wadda ni ke hannunta a lokacin, ta aike ni kasuwa na sayo mata ulu ruwan toka. Kullum in ta sallame sallar lisha sai ta jawo fitila, ta ɗauko kwarashinta, ta yi ta saƙa har barci ya rinjaye ta. Ran nan mijinta ya dube ta ya ce, "Wai ke, wannan wahala ta mece ce? Kuɗin da kika kashe wa ulun nan ai ya isa a sayi bargo a kai mata tun makon jiya. Kafin ki gama, sanyin ma ya wuce." Ta ce, "Malam, bargo kam kowa na iya saya mata. Ka dai bar ni da nawa." Ba ta ƙara kome ba, shi ma bai sake tanka mata ba.

To, bari mu fara ba Malam haƙƙinsa, gama maganarsa ba ta wofi ba ce. Mai jin sanyi yau ba ya jiran mayafin wata mai zuwa, mai jin yunwa kuwa ba a saƙa masa kome sai an cika masa ciki. Da a ce matar nan ba ta da abin rufa ko kaɗan, sa'an nan Gwaggo ta bar ta tana makyarkyata don ita ta samu ta gwada gwanintarta, da wannan ya zama son kai da aka yi wa ado da sunan alheri. Har ila yau, hannu ba ya gasa da inji. Tun cikin shekarar 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙago injin saƙa safa a Ingila, tun daga ran nan kuwa injuna ke ta ƙara sauri, har ya zama abin da mace za ta yi wata guda a kansa, masaƙa ta fid da ɗaruruwansa kafin rana ta faɗi. In ɗumi kaɗai a ke nema, lalle kasuwa ta ci gari.

Amma ga abin mamaki. Yau fiye da shekara ɗari huɗu ke nan da ƙago wannan inji, duk da haka mata ba su jefar da kwarashi ba. A ƙasarmu har gobe a kan saƙa wa jariri hula da safa tun kafin ya zo duniya. A Amurka ma, inda kaya suka yi yawa har sun zama shara, waɗansu mata biyu Kirista a birnin Hartford suka fara wata al'ada cikin 1998, ta saƙa mayafai suna addu'a don a kai wa majinyata da waɗanda aka yi wa rashi, al'adar kuwa ta bazu cikin majami'u masu yawa. Mutanen da ke iya sayen bargo goma ba za su yi ta wahala haka a banza ba. Lalle akwai wani abu cikin mayafin hannu wanda ba a samunsa a rumfa.

Wani labari na Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya taimake ni gane ko mene ne. Sa'ad da sojojinta ke yaƙi da Bowa a Afirka ta Kudu, yaƙin da aka fara cikin 1899, ta sa aka aika musu da cakulan cikin gwangwanaye dubu bisa dubu, kowane soja ya sami nasa. Wannan kyautar dukiya ce, umurni ta bayar aka yi. Amma cikin 1900, tana tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, idanunta sun raunana, sai ta ɗauki kwarashi da hannunta ta saƙa 'yan mayafan wuya guda 8, aka ba ƙananan sojoji waɗanda suka nuna jaruntaka. Huɗu daga ciki suka tafi ga mutanen Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ta rasu cikin Janairun 1901, na Kanada kuwa yana nan ajiye a gidan tarihin yaƙi na birnin Ottawa. Ka duba fa, mai karatu. Dukiyarta ta kai ga dubbai, hannunta bai wuce mutum takwas ba. Mene ne dalili? Domin a wajen dukiya ta fi talakawanta nesa ba kusa ba, amma a wajen lokaci ita da mai share mata daɓe ɗaya su ke. Sa'a ashirin da huɗu ce ranar kowa.

Nan ne asirin ya ke. Mu ɗan yi lissafi. A ce mayafi yana da ƙulli 200 a kowane layi, layi kuma 150, ka ga ƙulli 30,000 ke nan. In mai saƙa tana yin 25 a minti guda, sai ta yi sa'a 20 cur, ban da kuskuren da za ta warware ta sake. Macen da ke da daka da girki da reno ba ta samun wannan lokaci a dunƙule, sai dai ta tsinto shi kaɗan kaɗan daga cikin barcinta da hutunta. Kuɗi in sun fita suna iya komowa, hatsi in ya ƙare a kan sake nomawa, amma daren da ya wuce ya wuce ke nan. Saboda haka wanda ya saya maka abu ya ba ka daga cikin abin da ya mallaka, wanda ya saƙa maka kuwa ya gutsuro maka daga cikin kwanakin ransa. Mai baƙin ciki ba ya rasa gane wannan. Abin da ya fi damunsa bayan makoki shi ne zaton an manta da shi. "Sannu" ta baki ba ta wuce ƙiftawar ido, kowa ma ya iya ta. Mayafi kuwa shaida ce wadda a ke taɓawa da hannu, cewa dare talatin da wani abu akwai wadda ta kwana da kai a ranta.

Wani zai ce, to, ya ji, amma mayafi ba ya ta da matacce, ba ya kuma warkar da ciwo. Gaskiya ne. Sai dai mu tambayi kanmu yadda mayafi ke ɗumama mutum. Ulu ba shi da wuta a cikinsa. In ka lulluɓe dutse da shi har gari ya waye, dutsen ba zai yi zafi ba. Abin da ke faruwa shi ne, gashin tumaki a murɗe ya ke, yana riƙe iska a tsakanin silinsa, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauƙi. Watau ɗumin na jikin mai yafawa ne, aikin mayafi ya hana shi zurarewa. Haka lallashi ya ke. Ba wanda ke iya ɗura wa wani haƙuri kamar yadda a ke ɗura wa jariri ruwa. Haƙurin yana cikin zuciyar mai shi, Allah ya ajiye masa, abin da ɗan'uwa zai iya kawai ya kewaye shi don kada kaɗaici ya kwashe ɗan abin da ya rage. Masu zuwa gaisuwa da dogon jawabi, suna gaya wa mai rashi yadda ya kamata ya ji, sun ɗauka su ne wutar. Mai saƙa ta san matsayinta.

Amma fa a nan akwai rami, kyautar hannu kuwa ta fi ta kasuwa saurin faɗawa cikinsa. Ramin shi ne gori. Da ya ke mai saƙa ta sha wahala, zuciyarta ta kan raya mata cewa tana bin bashi. Sai ka ji tana cigiya, "Ina mayafin nan, ban ga kina yafawa ba?" Ko ta riƙa ba da labari gidan suna da gidan biki, yadda idonta ya yi ja don wance. Mu kuwa mun san al'adar biki tsakanin mata, inda a ke riƙe lissafin abin da aka kawo don a rama ran da ya kewayo, har da ƙari. Wannan al'ada tana da amfaninta wajen riƙe zumunci, amma ba ita ce lallashi ba. Wadda aka yi wa mutuwa ta riga ta ɗauki kaya, bai kamata a ɗora mata nauyin godiya a kai ba. Saƙa zare ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, kowane ƙulli yana rataye da ɗan'uwansa, in ka kama bakin zaren ka ja sai duka ta warware. Gori shi ne jan zaren nan. Wadda ta ba da lokacinta, sa'an nan ta komo tana neman a biya ta da yabo, ta karɓe abin da ta bayar, saura ulu kawai ta bari.

Gwaggo ta gama mayafinta bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki. Ta naɗe shi cikin tsohon ɗankwali, muka tafi da dare ina riƙe mata fitila. Ta ajiye shi gefen tabarma ta ce, "Ga wannan, kya riƙa yafawa da asuba." Matar ta warware, ta shafa, ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ce, "Yaya, duk ke kika yi wannan?" Gwaggo ta ce, "Zaman banza ne ya ishe ni." Ta kawo wata hira. Har ta bar duniya ban taɓa jin ta ambaci mayafin nan ga kowa ba. Daga baya ne na ji ashe Malam ma, tun cikin makon farko, ya aika gidan da buhun dawa bai gaya wa kowa ba.

Saboda haka ni a ganina ba wanda ya yi kuskure cikinsu. Shi ya dubi bukatar yau, ita ta dubi ta ran da ƙafa za ta ɗauke, gida mai rashi kuwa yana bukatar duka biyu, amma hatsi shi ne kan gaba. Wanda ke da dukiya ya bayar, kada ya jinkirta. Wanda kuma ba shi da kome sai hannunsa da darensa, kada ya rena abin da ke gare shi, gama abin da sarauniya ta ga ya fi zinariyarta daraja ke nan. Sharaɗi ɗaya ne, in ya bayar ya manta. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa mu iya bayarwa, ya kuma tsare harsunanmu daga gori, amin.