KARE A ZAUREN SHARI'A DA HAKKIN WADDA AKA ZALUNTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A shekarar 2003, a birnin Siyatul na Amurka, wata lauyar gwamnati, Ellen O'Neill-Stephens, ta soma zuwa wurin aiki da horarren karen da ke taimakon ɗanta naƙasasshe. Sai aka lura yaran da aka yi wa fyaɗe, waɗanda bakinsu ke mutuwa gaban masu bincike, in karen ya kwanta a ƙafafunsu sai harshensu ya saki. A 2011, a Jihar New York, wata 'yar shekara 15 ta ba da shaida kan mahaifinta da ya yi mata ciki, kare na gefenta. Lauyoyinsa suka ɗaukaka ƙara wai karen ne ya jawo mata tausayi, amma a 2013 kotun sama ta tabbatar da hukuncin. Faransa ta bi sawu a 2019, a kotun garin Cahors.

Bahaushe in ya ji wannan sai ya riƙe baki, don kuwa a wurinsa sunan kare ma zagi ne. To, amma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi kuwa bin umurni ne kawai. Shari'a ta halatta ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona, ta hana in babu bukata. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Da aka tuna masa Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Watau ƙofar bukata ba a rufe take ba.

Duk da haka, yarinyar da ta tashi a Zurmi tana gudun kare tun tana rarrafe, ba kare ne zai kwantar mata da hankali ba. Abin tambaya shi ne: me karen yake yi wanda mutane suka kāsa? Ba ya tambayarta me ya kai ta daji. Ba ya canja fuska in ta zo wurin da ya fi muni a labarin. Ba ya kai maganar bakin rijiya. Yana zaune har ta gama. Ke nan abin da ta rasa shi ne wanda zai saurare ta ba tare da tuhuma ba.

A ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda 'yan bindiga sun yi shekaru suna tare mata a hanyar gona da ta kasuwa, suna kwasar su daga ɗakunan mazansu zuwa daji. Ƙungiyar likitocin duniya ta MSF ta ce daga Janairu zuwa Afrilu na 2021 kaɗai ma'aikatanta a Zamfara sun karɓi fiye da mutum 100 da aka yi wa fyaɗe. Waɗannan su ne suka iya kai kansu asibiti. Wadda ta dawo daga daji sau da yawa wata azabar take tararwa: miji ya juya mata baya, kishiya ta yi habaici, masu zaman dandali su ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Iyaye kuma su ce a yi shiru, wai rufin asiri. Asirin wa aka rufe? Na azzalumi.

Mai karatu zai ce ai shari'a ta tsananta kan ƙazafi, bulala 80 ga wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Gaskiya ne, mutuncin wanda ake tuhuma abin karewa ne. Amma a tuna da yarinyar nan ta Tsafe wadda aka kai kotu da ciki a shekarar 2000, shekarar da Zamfara ta soma aiki da dokar hukunci ta shari'a. Ta ce maza uku ne suka tilasta ta, suka musa, aka sallame su, ita kuwa aka yi mata bulala 100 a Janairun 2001. Darasin da mata suka ɗauka shi ne wadda ta buɗe baki ita ke shan duka.

Alhali kuwa littattafan malamai ba haka suka tsaya ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya bayyana cewa babu haddi kan wadda aka tilasta, haddin yana kan wanda ya tilasta ta, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Ya kuma karɓi alama a matsayin hujjarta, kamar ta zo da jini ko a ji ta yi kururuwar neman taimako. To, garin da aka shiga da bindigogi kowa na gani, wace alama ce ta fi wannan? Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, an kawo masa 'yan fashin da suka ƙwace mace daga ayari. Wasu malamai suka ce fashi sai a kan dukiya, shi kuwa ya tsawata musu, ya nuna cewa fashin mutunci ya fi na dukiya muni, domin mutum ya gwammace a kwashe abin hannunsa da a taɓa matarsa ko 'yarsa. A hadisin Wa'ilu ɗan Hujru kuma, matar da aka auka wa a hanyar masallaci da bakinta ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) bai tuhume ta ba, ya sallame ta da kyakkyawar magana.

Saboda haka aikin a fili yake. Dangi su kai ta asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin rigakafin ƙanjamau ke aiki, kuma takardar likita ta zama hujja. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alƙalai su saurare ta a keɓe, ba gaban 'yan kallo ba, su bar uwa ko gwaggo ko malamar Islamiyya ta zauna kusa da ita har ta gama, tun da ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Limamai su faɗa a huɗuba cewa wadda aka tilasta ba mazinaciya ba ce, kuma mai kiran ta da wannan suna shi ne ya yi ƙazafi. Miji ya san cewa riƙe ta ibada ce.

Allah Ya ambaci karen Ashabul Kahfi tare da su saboda ya kwanta a bakin kogo bai bar waɗanda aka zalunta ba. Abin kunya ne a ce dabba ta fi ɗan Adam wannan hali, shi da aka ba hankali da Littafi.

Allah Ya isar wa waɗanda aka zalunta, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zamfara, amin.